Yadda Ake Ziyartar Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya: Jagora ga Mai Tashi daga Kebbi

Kwana uku da dawowata daga Landan na hau mota daga Birnin Kebbi zuwa Gwandu don in gaishe da kawuna, tsohon malamin zaure da ya ba tamanin baya. Na tarar da shi a kan buzunsa, gafakoki rataye a bango kamar kullum. Da muka gama gaisawa ya ce, "To ɗana, mi kag gano muna?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, na ga Alƙur'anin da aka rubuta a kan fata shekara fiye da 1,200 da suka wuce." Ya ɗago kai ya ce, "Ka taɓa shi?" Na ce a'a, cikin gilashi yake. Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "To wa ka karatunai?"

Tambayar nan ta Kawu ce ta zaunar da ni rubuta wannan bayani. Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda za ka ga an rubuta British Library a saman ƙofarsa, gida ne mai ƙofa biyu. Ɗaya ta kallo ce, kowa na shiga ya ga taskokin da aka jera cikin gilashi. Ɗayar kuwa ta karatu ce, inda za a ɗauko maka littafin da ya girmi kakan kakanka, a ajiye maka a kan tebur, ka buɗe da hannunka. Duka biyun kyauta ne. Amma ɗalibanmu da 'yan kasuwarmu da masu zuwa taro ko ganin likita, in ma sun leƙa wurin, a ƙofar farko suke tsayawa, don ba wanda ya gaya musu cewa fasfo da takardar banki sun isa su buɗe musu ta biyu.

Da farko, san gidan da za ka

Kada ka haɗa shi da British Museum. Can gidan kayan tarihi ne, nan kuwa gidan takarda ne. A da suna haɗe, sai a 1973 aka ware sashen littattafai ya tsaya da ƙafarsa, kuma a 1998 aka buɗe ginin da yake ciki yanzu, mai lamba 96 a titin Euston, jikin tashar jirgin ƙasa ta St Pancras. Abin da ke hannunsu ya haura miliyan 170: littattafai, rubutun hannu, jaridu, taswirori, kan sarki, har da muryoyin da aka naɗa sama da miliyan 6. Dokar ƙasar ta tilasta wa duk mai buga littafi a Birtaniya ya aika musu da kwafi guda, shi ya sa tarin nasu ba ya daina ƙaruwa. Rubutun hannu na Larabci kaɗai ya kusa kai ayyuka 15,000 cikin mujalladi wajen 14,000.

Shirin da ake yi tun ana gida

Shirin zaune ya fi na tsaye. Ɗauki takarda ka rubuta abin da kake son gani, kuma kada ya wuce abu biyar zuwa goma. Wanda ya shiga gidan nan hannu rabbana, yana cewa "zan duba abin da suke da shi kan tarihin Kebbi", zai ƙare yininsa a gaban kwamfuta bai buɗe ko warƙa ɗaya ba.

Kafin ka rubuta jerin nan, shawarata ita ce ka fara zagaya na gida. Je gidan tarihi na Kanta a Argungu. Shiga Sakkwato ka ga tarin rubuce-rubucen da ke Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu. In da hali ka leƙa Arewa House da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna. Dalilina shi ne, mafi yawan wallafe-wallafen Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo da na Sarkin Musulmi Bello da na Nana Asma'u a nan gida suke, ba a Landan ba. Asara ce mutum ya kashe kuɗin jirgi ya je neman abin da ke gafakar makwabcinsa. Wanda ya san na gida shi ne zai san giɓin da zai je cikewa.

Daga nan sai ka buɗe fihirisarsu a intanet, a shafin bl.uk. Kowane kundi yana da lambar ajiya, kuma da lambar ake nemansa, ba da suna ba. Rubutun hannu na ƙasashen Gabas da Afirka yawanci lambarsa na farawa da Or. ko Add MS. Kwafe lambar daidai, harafi da ɗigo. Sannan ka gwada sunan abu ta rubutu iri-iri, domin Turawan da ba yadda muke rubutawa suka rubuta ba: Gwandu za ka same ta a Gando, Sakkwato a Sackatoo ko Soccatoo, Hausa kuma a Haussa ko Houssa. Mutane da yawa sun ce "babu", alhali akwai, rubutun sunan ne ya ɓoye musu.

Wani abu da ya kamata ka sani: a watan Oktoba na 2023 masu kutse sun kai wa kwamfutocin gidan hari mai tsanani, fihirisa da hanyar yin odar littafi suka tsaya, aka riƙa maido da su kaɗan-kaɗan. Saboda haka ka aika musu da saƙon imel mako uku ko huɗu kafin tafiya, ka jera lambobin da kake so, ka tambaya ko ana bayar da su a ranakun da za ka zo.

Takardu

Bizar baƙo ta Birtaniya ta wadatar ga ɗan gajeren bincike. Ana cike fom a intanet, sannan a je Abuja ko Legas a ɗauki hoto da zanen yatsu. Kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito.

Ban da fasfo, riƙe takardar da ke nuna adireshin gidanka, misali bayanan asusun banki na watanni ukun ƙarshe, mai ɗauke da sunanka kamar yadda yake a fasfo. A nan mutanenmu ke tuntuɓe. Wani a fasfo Muhammad ne, a banki Mohammed. Wani adireshinsa na banki tun na gidan haya da ya bari shekara goma. Shiga bankinka a Birnin Kebbi ko Jega ko Yawuri a gyara, a buga maka, a sa hatimi. In kai malami ne ko ɗalibin jami'a ko na kwaleji, karɓi wasiƙa daga shugaban sashenku, a kan takarda mai tambarin makaranta, mai bayyana abin da kake bincike a kai. Ba a neman ta wajen yin kati, amma akwai kundaye masu daraja ta musamman da ba a fitar da su sai da irin wannan wasiƙa.

Lokaci da hanya

Daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa ko na Sakkwato za ka sauka Abuja, daga Abuja zuwa Heathrow kuma tafiyar awa shida da 'yan kai ce. In ka sauka kada ka ɗauki tasi. Bi alamar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ka shiga layin Piccadilly, mai launin shuɗi mai duhu a taswira. Zai kai ka King's Cross St Pancras cikin kamar awa guda ba tare da canjin jirgi ba. Ana biya da katin banki na taɓawa ko katin Oyster da ake saye a tasha. Motocin bas na birnin ba sa karɓar tsabar kuɗi ko kaɗan. In ka fito tasha ka bi titin Euston ta yamma, ka wuce dogon jan ginin St Pancras, na gaba shi ne naka.

In kana da zaɓi, je tsakanin Mayu da Satumba. A lokacin agogonsu daidai yake da namu, rana kuma na daɗewa. A Disamba magariba kan yi kafin ƙarfe huɗu, ga sanyin da hunturun Yelwa bai kama ƙafarsa ba. Abu ɗaya da ba zai ba ka wahala ba shi ne soket, irin namu ne mai ƙafa uku.

Ana buɗe ginin da ƙarfe 9:30 na safe daga Litinin zuwa Asabar, ranar Lahadi kuma ƙarfe 11. Ɗakunan karatu ba sa aiki ranar Lahadi, don haka ita ce ranar da ta dace da kallo kawai. Daga Juma'a zuwa Lahadi ana tashi da wuri fiye da sauran ranaku.

Shiga

Za ka fara ratsa wani faffaɗan fili mai daɓen jan bulo, inda aka kafa ƙaton mutum-mutumin tagulla na masanin kimiyya Isaac Newton, ya sunkuya yana awo. A ƙofa masu tsaro za su duba jakarka. Akwatin da ya fi wanda ake shiga da shi cikin jirgi girma ba ya shiga, saboda haka ka bar manyan kaya a masauki. Sauka ƙasa ka ajiye rigar sanyi da jaka a akwatunan ajiya, ka hau da sauƙi.

Da ka ɗan matsa ciki za ka ga hasumiyar gilashi mai hawa shida a tsakiyar ginin, cike da littattafai masu bangon fata. Tarin Sarki George na Uku ne, wanda ya yi mulki daga 1760 zuwa 1820, mujalladi wajen 65,000. Ba ado ba ne, ana ɗauko su a kai wa masu karatu har gobe. Abin da ba za ka gani ba shi ne ɗakunan ajiya da ke ƙarƙashin ƙafarka, masu zurfin kusan mita 24.

Ɗakin taskoki

Sunansa Treasures Gallery, kuma ba ya buƙatar tikiti ko kati. Da ka shiga za ka ga duhu-duhu, ka ji sanyi. Da gangan ne: haske na cinye tawada, zafi da laima kuma na lanƙwasa fata. Tsaya minti biyu idonka ya saba. Abubuwan da ke ciki sun kai wajen 200, kuma ana musanya su, a janye wani ya huta a kawo wani, a juya shafin da aka buɗe. Don haka in akwai wanda dominsa ka zo, tambaya tun a imel ɗinka ko yana waje.

Kada ka bi ɗakin kamar mai zagaya kasuwa. Fara da sashen littattafan addinai tun idonka bai gaji ba.

Alƙur'anin da na ba Kawu labari shi ake kira Ma'il, wato mai karkata, domin alifansa da lamansa sun jingina ta dama. Rubutun Hijazi ne na ƙarni na 8 na Miladiyya, a kan fata, warƙa 121, lambarsa Or. 2165. Babu wasali, ɗigon ma kaɗan ne. Mu da muka tashi da rubutun Warash a allo, inda fa'un ke da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙafun kuma ɗaya a sama, mukan ɗauka namu ne mafi tsufan kama. Tsayawa gaban wannan zai nuna maka abin da ya riga shi. In kana da hadda, nemi kalma ɗaya da ka gane, sauran layin zai buɗe maka da kansa. A wurin na fahimci cewa irin wannan mus'hafi an rubuta shi ne domin mutanen da Alƙur'ani ke ƙirjinsu, rubutun tuni ne kawai.

Sai Alƙur'anin Baibars, wanda aka rubuta a Alƙahira tsakanin 1304 da 1306. Mujalladi bakwai ne, kowane harafi da ruwan zinariya, an kewaye shi da siririn baƙin layi. Marubucinsa Muhammad ibn al-Wahid, wanda ya sa aka yi kuma Baibars al-Jashnakir, babban bafade a lokacin, kafin ya zama sarkin Masar. Shi ne mus'hafi mafi tsufa mai ɗauke da kwanan wata daga daular Mamluk ta Masar. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai zayyana yana haɗa ja da ɗorawa da kore a kan allon sauka, zai daɗe a gaban shafinsa na farko. Lissafin iri ɗaya ne: da'ira, tauraro, layin da ke shiga ƙarƙashin ɗan'uwansa ya fito ta wancan gefe. Kayan aikin ne suka bambanta.

Magna Carta tana da nata ɗan ɗaki. Takarda ce guda ta fata, rubutun Latin ƙanana a cunkushe, ba ta da wani kyan gani. A watan Yuni na 1215 manyan hakiman Ingila suka tilasta wa Sarki John ya amince da ita, kuma a ciki aka ce ba za a kama ɗan ƙasa mai 'yanci ko a ɗaure shi ko a ƙwace dukiyarsa ba sai da shari'a. Kwafi huɗu na asali suka rage, biyu suna nan, ɗaya daga cikinsu gobarar 1731 ta taɓa shi. Ɗalibin lauya daga ƙasar Gwandu ya kamata ya tsaya a nan yana tuna Diya'ul Hukkam na Shehu Abdullahi, wanda shi ma ya zauna ya rubuta wa masu mulki iyakar da shari'a ta gindaya musu. Asalinsu daban, hujjarsu daban, amma damuwar ɗaya ce.

Ragowar ka bi su gwargwadon sha'awarka. Akwai Baibul na Gutenberg da aka buga a birnin Mainz na Jamus wajen 1455, ɗaya daga littattafan farko da aka buga da haruffan ƙarfe a Turai. Akwai kundin Sinai, Baibul na Girkanci na ƙarni na 4, wanda Birtaniya ta saya daga gwamnatin Tarayyar Sobiyat a 1933 kan fam 100,000. Gidan ne kuma ke riƙe da wani naɗaɗɗen littafin addinin Buddha daga ƙasar Sin mai ɗauke da shekarar 868, wanda shi ne bugaggen littafi cikakke mafi tsufa da ke da kwanan wata. Littafin rubutun Leonardo da Vinci, shahararren mai zanen Italiya, zai ba ka mamaki, domin bahago ne, daga dama zuwa hagu yake rubutu kamar mai ajami.

Zuciyarka za ta tambaye ka yadda kayan Masar da Sin da Habasha suka taru a Landan, kuma tambaya ce mai kyau. Wasu saye aka yi, wasu kyauta, wasu kuwa a zamanin yaƙi da mulkin mallaka suka bar gida, kamar rubuce-rubucen Habasha da sojojin Birtaniya suka kwaso daga Maƙdala a 1868. Karanta ɗan allon da ke gefen kowane abu, ka lura da shekarar da ya shigo da hanyar da ya biyo.

Kafin ka ɗaga waya don hoto, tambayi ma'aikacin ɗakin. Filasha kam an hana ta ko'ina.

Katin mai karatu

Wannan ita ce ƙofa ta biyu. Duk wanda ya cika shekara 18 ana yi masa, daga kowace ƙasa yake, ba sai yana da digiri ba. Je ofishin rajista, Reader Registration, da ke hawan da ke saman zauren shiga, da fasfonka da takardar adireshi, na asali, ba hoton da ke waya ba. Za ka cike fom a kwamfuta, a duba takardunka, a ɗauke ka hoto, a miƙo maka kati nan take. Yi wannan da safen ranarka ta farko, kafin ma ka shiga ɗakin taskoki in ka ga babu layi, domin sai da kati ake odar littafi, kuma littafin na ɗaukar lokaci kafin ya iso. Na cikin ginin kan ɗauki awa guda da 'yan mintoci. Amma kaso mafi yawa na tarin yana can Boston Spa a arewacin Ingila, ana kawo shi da mota, sai ka lissafa kwana biyu ko fiye. Mai kwana biyar a Landan da ya bar oda sai rana ta huɗu, ya yi zuwan banza.

A ɗakin karatu

Ɗakunan karatu 11 ne. Naka, in rubutun Larabci ko ajami ka zo nema, shi ne na nazarin Asiya da Afirka a hawa na uku. Na taswirori ma a hawan yake. Tsoffin bugaggun littattafai kuwa a hawa na ɗaya ake karanta su.

Ba a shiga da jaka, ko rigar sanyi, ko abinci, ko ruwa, ko cingam. Goro ma ka bar shi a akwatin ajiya. Biro da duk wani alƙalami mai tawada an hana, fensir kawai. Za ka sami farar leda mai nuna abin da ke cikinta a wajen akwatunan, ka zuba fensir, littafin rubutu, waya da kwamfutarka. Ana duba ta a shiga, ana dubawa a fita. Sa kaftani ko riga mai tsukakken hannu, domin hannun babbar riga na iya sharo warƙa daga tebur. 'Yan'uwa mata, hijabi ba matsala ba ne, sai dai a tattare bakinsa kada ya riƙa gogar shafi, a kuma cire awarwaro.

Zaɓi kujera, ka riƙe lambarta, ka je kanta ka nuna kati. Rubutun hannu ɗaya bayan ɗaya ake bayarwa, kuma a teburan da ke gaban idon ma'aikata ake karanta shi.

In mus'hafi ko tafsiri za ka taɓa, yi alwalarka tun kafin ka hau, amma ka tsane hannu sarai. Kada ka shafa mai ko turare mai maiƙo bayan alwalar. Ba safar hannu suke so ba, hannu mai tsabta busasshe suke so, domin mai safa ba ya jin takarda, shi ya fi yaga ta. Za a ba ka matasan soso da za ka ɗora littafin a kai don kada bayansa ya karye, da wata igiya mai nauyi da ake kwantarwa a gefen shafi ta riƙe shi. Kada ka danne littafi don ya buɗe fiye da yadda ya yarda. Kada ka bi layi da yatsa ko tsinken karatu kamar yadda muka saba a zaure, sa 'yar farar takarda a ƙarƙashin layin. Sai babbar ɗabi'armu, wadda hannu ke yi ba da sanin mai shi ba: lasar yatsa kafin juya shafi. Ka kiyaye ta ƙwarai. Kama kusurwar sama, ka juya a hankali.

Littattafanmu na Afirka ta Yamma ba ɗinkakku ba ne, warƙoƙi ne a sake cikin tadarishi. In irinsu aka kawo maka, juya kowace warƙa ka kife ta a hagu ko dama bisa tsari, kada ka zare ɗaya daga tsakiya. Kalmar nan da magabata ke rubutawa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba, ita za ta tabbatar maka ba ka rikita jeri ba. A nan ɗan makarantar allo ya fi baƙon Bature sabo da abin da ke gabansa, kuma in ka ga warƙa ba a muhallinta take ba, kada ka gyara da kanka, gaya wa ma'aikaci.

Roƙi a ba ka faifan haske da ake sawa a bayan warƙa. Da shi za ka ga tambarin da ke cikin jikin takarda. In ka ga jinjirin wata uku a jere, takardar Italiya ce, irin wadda fatake suka riƙa ratso Sahara da ita ta Tarabulus zuwa Kano da Sakkwato a ƙarni na 19. Akwai yiwuwar ita ce a gafakar gidanku, kuma tana taimakawa wajen kimanta shekarun kundin da ba a rubuta masa tarihi ba. Hoto da waya ana yarda da shi ga kundaye da yawa don amfanin kanka, amma sai ka tambaya a kanta tukuna. Ɗauki hoton lambar ajiya kafin na shafuka, ko ka dawo gida da hotuna ɗari uku ba ka san na wane littafi ba ne.

Abin da ɗan Kebbi zai nema

In ka rasa ta inda za ka fara, nemi bugun farko na littafin tafiye-tafiyen Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, mujalladi biyar da suka fito a 1857 da 1858. Ya sauka Gwandu a 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu, kuma a garin ne aka ara masa kwafin Tarikhus Sudan, tarihin Songhai da Tambutu na Abdurrahman as-Sa'di. Ya yi kwanaki yana kwafar sassansa, ta haka malaman Turai suka fara sanin littafin. Wato labarin da wannan littafi ya bayar game da Askiya, sarkin Songhai, ta zauren wani malamin Gwandu ya fara isa Turai. Karanta wannan da idonka a bugun asali, tare da taswirorinsa masu naɗewa inda za ka ga Birnin Kebbi da gulbinta, ya cancanci yini guda.

Nemi kuma labarin Hugh Clapperton, matafiyi ɗan Birtaniya wanda ya gana da Sarkin Musulmi Bello a 1824 ya kuma rasu a Sakkwato a 1827. Mai nazarin harshe ya nemi nahawun Hausa na J. F. Schön na 1862 da ƙamusunsa na 1876, ya ga yadda boko ya fara rarrafe.

Abin da ba za ka samu a nan ba shi ne fayilolin gwamnatin mulkin mallaka, wasiƙun da Gwamna ke aika wa Landan kan Gwandu da Argungu da Yawuri. Waɗannan suna Ma'ajiyar Takardu ta Ƙasa a Kew, yammacin birnin. Takardun Gwamna Lugga na kansa suna Oxford. Makarantar nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan kuwa, wato SOAS, mai daɗaɗɗen tarihin koyar da Hausa da tarin ajami, tafiyar kamar minti goma sha biyar ce a ƙasa daga inda kake.

Salla da abinci

In lokacin salla ya yi, mayar da kundi kanta ka ce a riƙe maka, kada ka bar shi a tebur. Tambayi teburin bayani inda za ka iya yin salla. Akwai ƙaramin masallaci a unguwar Euston, akwai kuma wuraren cin abinci na halal a titin Drummond. Ranar Juma'a shiga jirgi daga King's Cross zuwa Baker Street, tasha ta uku, ka taka zuwa babban masallacin Regent's Park. Abincin cikin ginin da tsada, amma ba mai hana ka cin guzurinka a kujerun da ke wajen ɗakunan karatu.

Wanda tafiya ba ta yiwu masa ba

Gidan yana da wani shiri na ceto tsoffin takardun da ke cikin haɗari, wanda aka fara a 2004, shafinsa eap.bl.uk. Tsarinsa ya kwanta mini: ana ba da tallafi a ɗauki hoton kundaye a inda suke, asalin ya zauna hannun masu shi, hoton kuma a sa a intanet kowa ya karanta kyauta. Ta haka aka ɗauki dubban kundayen Jenne a Mali, da rubuce-rubuce daga Arewacin Najeriya, har da waƙoƙin Fulfulde na zamanin jihadi. Malaman jami'o'inmu na Kalgo da Aliero na iya haɗa kai da gidajen malamai na Gwandu da Jega da Zagga su nemi wannan tallafi, kafin gara da ɗigar damina su gama da abin da ya rage. Shafin Qatar Digital Library kuma na ɗauke da rubuce-rubucen Larabci na gidan kan likitanci da taurari da lissafi.

Ta intanet ɗin ne na samo wa Kawu amsarsa. Da na koma Gwandu mako na gaba, na buɗe masa hoton wani shafi na Alƙur'anin Ma'il a wayata, na miƙa masa. Ya matso da ita kusa da ido, ya nisantar, leɓɓansa na motsi. Can ya ce, "Suratu Maryam ta." Ya ja aya uku da ka, idonsa na kan layin, sannan ya tsaya ya ce, "Ɗana, ƙara buɗa min nan, in ga yadda yay yi alif ɗinai."